Jakin Mudassiru

Na ja kibiya a allo, alli na kuka,
dalili a wannan gefe, sakamako a wancan.
Na ce, ku cike mini tsakani:
me ya kawo kakanninmu bakin wannan kogi?
Maiurno, ranar Talata, aji ya cika maƙil,
fanka ta tsaya tun hantsi,
yara arba'in da shida na fifita da bangon littafi.

Amsar tana cikin littafinsu, na sani.
Yaƙi ya ci gari, mutane suka fuskanci gabas.
Hanyar Makka ta nan ta ratsa.
Gonakin auduga sun nemi hannu.
Uku ke nan. Maki goma.

Da dare na zauna da jan biro, shayi ya huce.
Fiye da talatin sun kwafe shafin har da waƙafinsa.
Sai na iso ga na Mudassiru,
takarda duk tabon mai,
rubutu kamar tururuwa ta sami tsaba:

"Malama, jaki ne.
Iya Dudu ta ce jakin kakanta ya karye
saura yini biyu su kai ruwa.
Ya ce a jira ya warke. Bai warke ba.
Kafin a sami wani, hadari ya haɗu,
ya ranci dawa tiya guda ya shuka
don kada a zauna hannu rabbana.
Kafin a girbe, matarsa ta sauka.
Kafin a yaye, uwarsa ta cika,
aka sa ta a gindin wata kurna,
ya ce shi ba ya barin kabari babu mai ziyara.
Bai ga Makka ba.
Mu ne sakamakon."

Biro ya tsaya mini a sama.
In na soke, tsohuwa na ƙaryata,
ita da ta riƙe zancen nan shekara tamanin
ba tawada, ba takarda.
In na ce daidai, mai duba jarrabawa a Sinja
bai san Iya Dudu ba, balle jakinta.

Har aka kira assalatu ina juya shi.
Littafi ya san abin da ya tada ayari,
bai san abin da ya sa mutum guda ya sauke kaya ba.
Tsohuwa ta san ƙafar da ta karye,
ba ta faɗi wa ya kora ta kan hanya ba.
Wa ya cinna wutar, wa ya yi kaka-gida a tokar?

Laraba na goge kibiyar.
Na zana jaki, suka ce akuya ce, aji ya ɓarke.
Na ce to, akuya ko jaki, wa ya fito da shi daga gida?
Ihlas ta ce su bashi ne ya koro su.
Tijjani ya ce nasu a mota suka zo, shekarar fari,
ba ruwansu da yaƙi.
Rumaisa ta sunkuyar da kai,
ta ce babanta ya hana a tada maganar.
Na rubuta wannan ma. Shiru ma dalili gare shi.

Kafin a kaɗa ƙararrawa allo ya rikice,
kibiya na hawa kan kibiya,
wata ta koma inda ta fito,
ba wurin da zan sa yatsa in ce nan aka fara.

Takwas na ba shi.
Biyun na riƙe sai ya koma ya tambayo
abin da ya faru kafin jakin.
Ya ce, Malama, ku fa, me ya kawo naku?
Na ce buɗe shafi na gaba.

Da la'asar na bi ta bakin kogi.
Kurna ta fi goma a hanyar.
Mahaifina yana kan tabarmarsa, rediyo a kunne,
shekara talatin da ɗaya ina gaishe shi,
ban taɓa tambaya ba.
Na ajiye jaka, na jawo kujera.